Kafin ka saida gonar ka ta Sheme ka sayi fuloti a bayan Kano

Jama'a, yau da fushi na ɗauki biro, kuma ba zan ɓoye ba. Fushin nawa ya kasu uku: kashi ɗaya na dillalan filaye ne, kashi ɗaya na 'yan fim da marubutan mu, na ukun kuma namu ne mu mutanen karkara da mu ke auna unguwar birni da sunan ta.

Abin da ya tunzura ni shi ne halin da na iske kawu na a ciki. Mutumin nan a yankin Sheme aka haife shi, a nan ya yi furfura ya na noma masara da auduga. Da zama ya gagara sai ya saida gonar sa ta gado, ya sayi fuloti a wata sabuwar unguwa can bayan Kano, ya tada ɗaki biyu ya kwashe iyali. Ranar da na kai masa ziyara da damina, sai da mai A Daidaita Sahu ya sauke ni a bakin titi ya ce ba zai shiga ba, na tattare wando na ƙarasa cikin taɓo. Na ce, "Kawu, me ya kawo ka nan?" Ya ce, "Ɗan nan, dillali ya ce mani nan da shekara biyu nan ma birni ne." Yau shekara huɗu kenan, ko turken wuta ba a kafa ba.

Kada wani ya ce ina zargin wanda ya gudu. Kowa ya san abin da ya tada mutanen mu. A watan Yuni na 2020 an kashe gomman mutane a Kadisau ta ƙaramar hukumar Faskari. A Disambar wannan shekarar aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 gwamnatin Katsina ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka kuma datse layukan waya a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da wasu ƙananan hukumomin har tsawon watanni. Wanda ya ga wannan ya nemi mafaka, wallahi bai yi laifi ba. Magana ta ita ce: in gudun ya zama dole, ina za a dosa, kuma da wane ma'auni za a zaɓi wurin?

To bari mu ɗora unguwannin Kano bisa sikeli, tunda can ne idon kowa ya ke.

Mu fara da tsofaffin unguwanni masu cunkoso irin su Fagge, Gwale, Kurna da Ɗorayi. Amfanin su a fili ya ke. Kasuwa kusa, asibiti kusa, makarantar allo da Islamiyya a kowane lungu. In matar ka ta na ƙosai ko ɗanwake, kafin hantsi ta saida. In ka yi rashi, kafin ka ɗaga kai an cika ƙofar gidan ka. Amma fa za ka biya haya mai tsada a ɗaki ciki da falo, ka haɗa banɗaki da wasu, kwata ta bi ta ƙofar ka. Sannan ga babbar fargaba: yaron da ka tsere da shi daga 'yan bindiga, in ba ka sa ido ba, ka miƙa shi ga 'yan daba da masu ƙwacen waya.

Sai Nassarawa G.R.A. da Bompai, inda Turawan mulki su ka zauna. Nan akwai kwalta, akwai itatuwa, akwai shiru. To amma wa ya aike ka? Ko kuɗin gonar ka da ta ƙanen ka aka haɗa ba su sayen ɗakin maigadi a can. Wutar ma da ake yi wa irin waɗannan wurare kwaɗayi ba kyauta ba ce: tun Afrilun 2024 aka ninka kuɗin wuta fiye da sau uku ga layukan da aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana. Kuma ko an ba ka gidan kyauta, mutumin da ya saba zaman dandali bayan la'asar zai iya rayuwa inda maƙwabci ba ya sanin maƙwabci sai a gilashin mota?

Na uku su ne sababbin unguwannin gefe, wajen su Rimin Kebe, Bachirawa, Gaida, Ɗanbare da Mariri, da waɗanda ke bayan su. Nan ne mutanen mu su ka fi faɗawa, domin fili da sauƙi, kuma mutum zai ce gidan kan sa ya ke. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, na yarda. Wasun su ma sun cika sun zama gari. Sai dai da yawa daga filayen can ƙurya awon igiya ne: gona ce aka yayyanka ba tare da tsarin hukuma ba, ba a bar hanyar kirki ba, ba magudanar ruwa, ba filin makaranta, ba takardar mallaka sai 'yar takardar ciniki. Ruwan famfo kuwa sai labari. Kullum sai ka tare mai kura. Ga kuɗin mota. Tun Janairun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin Kano, kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowane hawa sai ka ji a jikin ka. Kawu na hatsi ya sani, don haka a kasuwar Dawanau ya ke buga-buga, ita kuwa ta na kan hanyar Katsina, gidan sa na wancan ɓangaren gari. Hawa uku zuwa, hawa uku dawowa. Abin da ya rage a kuɗin fuloti, mai kura da mai A Daidaita Sahu sun karɓe shi da kaɗan-kaɗan. Ashe gaskiyar Bahaushe, araha ba ta ado.

In kuwa ka na ganin gini mai kyau shi ne unguwa, je ka dubi rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka gina tsakanin 2011 da 2015. Tituna a shimfiɗe, gidaje reras, amma da yawan su sun shafe shekaru ba kowa a ciki. Me ya sa? Domin bulo ba ya yin unguwa. Mutane ke yin ta, da sana'a, da kasuwa.

Yanzu na dawo kan ku, 'yan fim da marubuta. Ku gaya mani, a finafinai nawa ku ka nuna jarumi ya na jiran mai ruwa? A littafi nawa jaruma ta yi lissafin kuɗin mota kafin ta je gidan su? Kullum labarin ɗaya ne: yarinya ta baro ƙauye da ƙullin kaya, Alhaji ya gan ta, maigadi ya wangale get, sai falo mai kujeru kala uku. Alhali kowa a industiri ya san gidan nan aron sa aka yi don lokeshin, kuma da an tashi aiki jarumin zai tsaya bakin titin Gidan Zoo ya tari abin hawa zuwa ɗakin sa na haya. Ku kun san wasa ne. Tsohon da ke kallo a wayar jikan sa a Sabuwa bai san haka ba. Shi a wurin sa wannan ita ce Kano. Dillali kuwa sai ya zo ya ɗora daga inda ku ka tsaya.

Na san amsar ku: wai mai kallo ya gaji da talauci a gida, ba zai so ya gan shi a fim ba. Wannan ba hujja ba ce. Shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 lungu da zaure da gidan haya ya nuna, kuma jama'a su ka rungume shi. Ba cewa na yi ku daina nuna gidan bene ba. Cewa na yi ku nuna hanyar da ake bi kafin a kai can, da waɗanda su ka faɗi a kan ta.

Ga ɗan'uwa na da ke shirin tashi, ga shawara. Kafin ka tsallaka Kano, dubi Funtuwa da ke kusa da kai. Ba na ce aljanna ba ce. Ita ma unguwannin gefen ta sun ɗanɗani masu garkuwa da mutane, kuma haya ta tashi saboda yawan masu shigowa. Amma a can ka na da dangi, an san sana'ar ka, kuma in hanya ta yi kyau ka na iya leƙa gonar ka ka dawo a yini ɗaya. In kuma Kanon ce dole, to fara da haya, ko ta shekara ɗaya ce. Nemi unguwar da ke kusa da abincin ka: mai hatsi ya matsa wajen Dawanau, mai kayan gwari ya nemi kusa da 'Yankaba. Je ka ga filin a watan Agusta, lokacin da ruwa ke faɗin gaskiya, ba da rani ba. Tambayi matan unguwar inda su ke samun ruwa, kada ka tambayi dillali, shi la'adar sa ya ke kallo. Gana da mai unguwa, ka tabbatar ba a saida wa wani filin kafin kai ba.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne mafi girma: kada ka saida gonar. Ba da ita aro, ko jingina in ta kama. A 2025 an zauna sulhu a Faskari da Sabuwa; ko ya ɗore ko bai ɗore ba, ƙasa dai ba ta gudu, kuma wata rana za a koma. Kawu na yanzu ko an ce masa gida ya yi lafiya, ina zai koma? Ranar da zan taho ya rako ni har bakin titi, ya ce, "Ɗan nan, in ka je ka duba mani ko wanda ya sayi gonar ya sare ɗorawar nan ta bakin iyaka." Na je na duba. Ya sare ta. Har yau ban iya gaya masa ba.

Allah ya zaunar mana da ƙasar mu lafiya, ya sa mu gane.