Canki-Canka Ba Dabara Ba Ce a Wasan Sudoku

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in yi magana a kan wasan nan na lambobi da ake kira sudoku, wanda yanzu ya sami karɓuwa a ɗakunan kwananmu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata ɗabi'a da na lura da ita wajen masu yinsa. Da zarar wasa ya yi wuya, sai mutum ya ce bari ya jefa 6 a nan ya ga abin da Allah zai yi. Ni a ganina wannan ba wasa ba ne, caca ce, kuma mai yin haka ya zubar da duk amfanin da ke cikin abin.

Ga wanda bai san shi ba, sudoku fili ne mai gurbi 81, watau layi tara a kwance, tara a tsaye, an kuma raba shi ɗaki tara, kowane ɗaki da gurbi tara. Ana so lambobi daga 1 zuwa 9 su fito sau ɗai-ɗai a kowane layi da kowane ɗaki. Wani Ba'amurke mai suna Howard Garns ne ya ƙago shi, aka fara buga shi a 1979. Kamfanin Nikoli na Japan ya ɗauke shi a 1984, a can ya sami sunan da muke kiransa da shi, sa'an nan jaridar The Times ta Landan ta fara buga shi a 2004, daga nan ya bazu ko'ina.

Amma fa jera lambobi cikin gurabe ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Duk wanda ya taɓa ganin hatimi a allon malam ya san haka. Ƙaramin hatimi mai gurbi tara, in ka tara lambobinsa a kwance ko a tsaye ko a karkace, 15 za ka samu. Wani malami Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, ya rubuta littafi da Larabci a kan hanyoyin tsara irin waɗannan a 1732, ya kuwa rasu a birnin Alƙahira a 1741. Hanya ya koyar, mataki bayan mataki, bai ce a yi ta jefa lamba har a dace ba. Bambancin kawai shi ne hatimi yana bukatar tarawa, shi kuwa sudoku babu ruwansa da tarawa ko ɗebewa. Da za a cire lambobin a sa haruffa tara, wasan bai sake ba. Saboda haka masu cewa ba su iya lissafi ba, wannan uzuri bai karɓu ba.

To, mece ce hanyar? Tushenta guda ne, watau kore abin da ba zai yiwu ba har a bar wanda ya zama tilas. Da farko ka ɗauki lamba guda, alal misali 5, ka bi layukan da ta riga ta fito, ka ga ko akwai ɗakin da gurbi ɗaya tak ya rage mata. Wannan kowa ya iya, kuma da shi ake gama masu sauƙi. In ya ƙare, sai ka ɗauko fensir ka rubuta ƙananan lambobi a kusurwar kowane gurbi, duk waɗanda za su iya zama a ciki. Aiki ne mai gundura, a nan ne kuwa yawancinmu suke gajiya, amma ba tare da shi ba sauran dabarun ba sa ganuwa.

Dabarar da na fi so ita ce wadda nake kira tagwaye. A ce a layi guda akwai gurbi biyu, kowannensu 3 ko 7 kaɗai zai ɗauka. Ba ka san wanne ne na 3, wanne ne na 7 ba, kuma ba ka bukatar sani tukuna. Abin da ka sani shi ne waɗannan lambobi biyu sun riga sun sami masauki, don haka sai ka goge su daga sauran guraben layin. In akwai wani gurbi da ka rubuta wa 3, 7 da 9, ka ga ya zama 9 ke nan ba gardama. Abin sha'awa a nan shi ne rashin sanin wani abu bai hana ka tabbatar da wani ba. Haka kuma in a ɗaki guda duk guraben da 8 za ta iya shiga suna kan layi ɗaya, to 8 ba ta da wuri a sauran wannan layin a wajen ɗakin.

Akwai kuma ta kusurwa huɗu, wadda sai a wasanni masu wuya ake nemanta. A ce a layin kwance na biyu, 4 ba ta da wuri sai a layin tsaye na uku ko na takwas. A layin kwance na shida ma haka, na uku ko na takwas. To ko yaya aka juya, ɗaya za ta zauna a na uku, ɗaya a na takwas. Ke nan sai a goge 4 daga duk sauran guraben waɗannan layukan tsaye biyu. Sau da yawa gogewa ɗaya irin wannan ita ke kwance wasan da ya ɗaure tun safe.

Wani zai ce, ai wasa ne, mene ne na ɗaukarsa da zafi haka? Amsata tana Sharaɗa. Kawuna mai gyaran wuta ne a wata masana'antar roba a can, kuma na sha bin sa lokacin hutu. In inji ya tsaya, ba ya fara kwance shi. Sai ya ɗauko testa ya duba ko wuta tana isowa. In tana isowa, ya cire wannan daga zato, ya duba fis, sa'an nan waya, sa'an nan bel, har abin da ake zargi ya rage guda. Ya ce mini yaron da ke sayo sabon ƙarfe bisa zato, ya ɗaura, ya ga bai yi ba, ya sake sayo wani, ba ya daɗewa a wurin aiki. Wannan ai ita ce hanyar sudoku, sai dai a can kuskure kuɗi yake ci, wani lokaci har yatsa.

Kowa ya san halin da unguwannin masana'antunmu suke ciki. A Bompai, wadda ita ce tsohuwarsu tun zamanin Turawa, da Sharaɗa, da Challawa inda manyan majemun fatu suke, masana'antu da dama sun rufe, musamman masaƙu, saboda ƙarancin wutar lantarki da kayan waje masu araha. Waɗanda suka rage ba su da rarar da za su ɓatar a kan ma'aikaci mai aiki da zato. Da yawa daga cikinmu kuwa a bakin waɗannan ƙofofi za mu je neman aiki in mun gama. Ko kafin nan ma ga jarrabawar WAEC da ta JAMB, inda ake ba mutum amsoshi ya zaɓi ɗaya. Wanda ya saba kore waɗanda ba za su yiwu ba ya fi ƙarfin mai rufe ido ya dangwala.

Masu kare canki-canka suna da hujja guda da ya kamata a saurara. Sun ce akwai wasan da duk dabarun nan za su ƙare bai warware ba. Gaskiya ne. Amma wasan da aka tsara daidai amsa ɗaya gare shi, kuma wani masanin lissafi a Dublin, Gary McGuire, da abokan aikinsa sun tabbatar a 2012 cewa sai an ba da aƙalla lambobi 17 tun farko kafin hakan ya yiwu. Tun da amsa ɗaya ce, kowane gurbi yana da dalilinsa. In ka maƙale, ya halatta ka ce, da a ce nan 2 ce, me zai biyo baya? Ka bi zaren, in ya kai ka inda lamba ta fito sau biyu a layi, ka tabbata ba 2 ba ce, ka goge ta. Wannan gwaji ne mai hujja. Ya sha bamban da wanda zai dangwala lamba da biro ya ci gaba, sai ya kusa gamawa ya ga ta ɓaci, bai ma san inda ta fara ɓacewa ba.

Don haka ina roƙon malaminmu na lissafi da ƙungiyar lissafi ta makaranta su riƙa liƙa wasa guda mai wuya a allon sanarwa kowace Asabar. Kada a ba da kyauta ga wanda ya riga kowa gamawa. A zaɓi gurbi uku a takardarsa, ya tsaya gaban jama'a ya faɗi dalilin da ya sa ya rubuta abin da ya rubuta a cikinsu.