Sharhi: Darasin wake ga masu fitar da kaya zuwa ƙetare

A watan Yunin 2015 ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya, bayan gwaje-gwaje sun gano burbushin maganin ƙwari na dichlorvos, wanda aka fi sani da fiya-fiya, fiye da kima. Dokar Turai ba ta yarda ya wuce miligiram 0.01 a kowane kilo ba, amma an samu buhunan da ya kai miligiram 4.6. Dakatarwar ta shekara ɗaya ce da farko, a 2016 aka ƙara mata shekara uku, daga bisani aka sake tsawaita ta. Wannan kuwa ya faru ne ga ƙasar da ta fi kowace noman wake a duniya.

Abin lura shi ne ba a tashar jiragen ruwa matsalar ta samo asali ba. A rumbu da shagunan ajiya ake barbaɗa wa waken magani don kada ƙwari su huda shi. Kafin kaya su isa Legas, aikin gama ya gama. Hukumar NAQS mai ba da shaidar lafiyar tsirrai, da NAFDAC mai kula da abinci da magunguna, na iya tantancewa su ba da takarda, amma takarda ba ta wanke guba daga ƙwaya.

Haka batun bayanan da ake rubutawa a jikin kwali ko leda yake. Turai na buƙatar a bayyana abubuwan da aka haɗa, da ranar lalacewa, da duk abin da kan tayar wa wasu da rashin lafiya, irin su gyaɗa da riɗi. Amurka ma ta sanya riɗi cikin wannan rukuni daga 1 ga Janairun 2023. Mai ƙuli-ƙuli ko kantun riɗi da ya yi sakaci da wannan layi guda na iya asarar kwantena sukutum.

Mafita tana gona da rumbu: a koma ga buhunan da ba sa shigar da iska a maimakon magani, a yi gwaji tun kafin lodi, kowane buhu kuma ya ɗauki lambar da za ta nuna inda aka noma shi. Hukumar bunƙasa fitar da kaya ta NEPC da gwamnatocin jihohi su kai wannan horo kasuwannin hatsi irin su Dawanau. Waken da Turai ta mayar, shi ake dafawa a gidajenmu, don haka gyaran na lafiyar ’yan ƙasa ne kafin ya zama na neman kuɗin waje.