Maganin Mura Mai Sa Barci: A Karanta Kafin a Haɗiya

Idan hunturu ya kama, iska ta taso da ƙura, ga kuma ƙaiƙayin sussukar hatsi, da wuya a sami gida a Ɗan Isa wanda ba a jin atishawa da tari a cikinsa. A irin wannan lokaci ne kasuwar ƴan tallar magani ke ci. Garin yana bakin iyaka, a kan hanyar Maraɗi zuwa Jibiya da Katsina, magunguna suna shigowa ta kowane gefe, ana sayar da su ƙwaya-ƙwaya, ba kwali, ba takardar bayani. Cikin waɗanda aka fi nema akwai ƴan ƙananan ƙwayoyin nan da jama'a ke kira maganin mura, irin su Piriton, Polaramine da Phénergan.

Likitoci suna kiran wannan dangin magani antihistamin. Idan ƙura ko wani abinci ko cizon ƙwaro bai karɓi jikin mutum ba, jikin yakan saki wani sinadari mai suna histamin, shi ne ke kawo atishawa, zubar majina, ƙaiƙayin ido da borin jini. Maganin yana tare aikin wannan sinadari. A cibiyar Pasteur ta birnin Paris aka fara gano shi a 1937, a hannun Daniel Bovet da Anne-Marie Staub, kuma ya yi wa ƴan Adam amfani ƙwarai. Amma aikinsa yana da iyaka. Yana kwantar da ƙaiƙayi, yana tsane hanci, sai dai ba ya kashe ƙwayar cutar mura, wadda kan wuce da kanta cikin kwana 7 zuwa 10. Ba ya maganin masassara, ba ya maganin fuka.

Babban aibin tsofaffin ire-irensa shi ne barci. Suna shiga ƙwaƙwalwa su kashe jiki, su rage kaifin ido da saurin hannu, wani lokaci har wayewar gari. Direban da ya haɗiyi ƙwaya da asuba ya ɗauki fasinja zuwa Maraɗi, ko ɗan kabu-kabu, ko mai aikin injin niƙa, ya sa ransa da na jama'a cikin hatsari bai sani ba. In aka haɗa da giya, ko tramol, ko maganin barci, abin sai ya ninka. Ga wanda aikinsa ke bukatar natsuwa akwai sababbin iri, kamar setirizin da loratadin, waɗanda babba ke shan ƙwaya ɗaya ta miligiram 10 a yini, barcinsu kuma kaɗan ne.

Ƙa'idar Piriton ga babba ita ce ƙwaya ɗaya ta miligiram 4 bayan awa 4 zuwa 6, kada a wuce ƙwaya 6 a yini. Mutane da yawa suna wuce wannan haddi ba da niyya ba, domin magungunan mura na haɗi, kamar garin Fervex da ake damawa da ruwa, akwai antihistamin a cikinsu. Wanda ya sha wannan ya ƙara da wancan ya sha magani iri ɗaya sau biyu. Tsofaffi kuwa maganin yakan sa su jiri da ruɗewa, yakan riƙe wa dattijo fitsari. Mai ciki da mai shayarwa kada su taɓa shi sai da iznin ma'aikacin lafiya.

Maganar yara ta fi kowace nauyi. Akwai iyayen da ke ɗura wa jariri maganin ruwa domin ya bar kuka ya yi barci. Wannan ɗabi'a tana iya kisa. Likitoci sun hana ba yaron da bai kai shekara 2 ba Phénergan, saboda yana iya danne masa numfashi. Har ila yau, yaron da aka kwantar da magani yana ɓoye ciwonsa: uwa tana zaton sauƙi ya samu, alhali masassarar cizon sauro, ko ciwon huhu, ko sanƙarau yana cin sa. Zafin jiki mai tsanani, sanƙarewar wuya, numfashi da sauri, ko ƙin kama nono, duka alamu ne na a garzaya gidan likita nan take. Haka nan wanda leɓensa ko harshensa ya kumbura, numfashi yana yi masa wuya bayan harbin zuma ko cin wani abu, ƙwaya ba ta isar masa, allurar gaggawa yake bukata.

Sai kuma asalin maganin kansa. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a ƙasashe masu tasowa, cikin magunguna 10 ɗaya jabu ne ko maras inganci. A 2022 yara kusan 70 suka rasu a ƙasar Gambiya bayan shan gurɓatattun magungunan ruwa na tari da mura. Kwalbar da ta wuni a rana bisa tire, ba wanda zai iya rantsuwa da abin da ke cikinta. Araha ba ta ado, balle a sha'anin rai. Wurin sayen magani shi ne farmasi ko gidan likita.

Nauyi ya rataya a wuyan kowa. Ma'aikatan dawan da na lafiya na jihar Maraɗi su ƙara sa ido a bakin iyaka da kasuwanni. Hakimai, masu gari da limamai su faɗakar da jama'a, shugabannin tasha su ja kunnen direbobinsu. Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci kuwa, ga ranar iliminsu ta zo: su duba sunan magani, yawan miligiram da ranar lalacewarsa, su karanta wa maƙwabci wanda bai iya ba, in abin ya shige duhu su kai kwalin wurin ma'aikacin lafiya. Matambayi ba ya ɓata.