Ba wayata ce ta mutu ba, sanarwarku ce mai ƙofa ɗaya

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu. Rubutun zai ɗan yi tsawo, a yi haƙuri. Tun shekaranjiya nake cike, tun da wani ɗan uwa ya ga wayata bayan sallar magariba ya kece da dariya, wai ɗan mastas guda yana yawo da rakani-kashi.

To bari in faɗa muku mece ce wannan rakani-kashin. Farkon 2024 aka ƙwace min Android a tasha ina dawowa daga hutu. Kuɗin rajista na gabana, sai na sayi ƙaramar waya ta hannu mai madannai, amma mai 4G. Babbar manhajar da ke tafiyar da ita sunanta KaiOS. Ba Android ba ce, ba kuma ta iPhone ba. Ta fito a 2017, an gina ta a kan ragowar Firefox OS da kamfanin Mozilla ya daina yi. Wayar JioPhone ta Indiya ce ta fito da ita duniya, mutane miliyoyi suka fara shiga intanet da ita, har Google ya zuba dala miliyan 22 a kamfanin a 2018. Nokia 8110 mai siffar ayaba da wasunku suka taɓa gani, ita ce a ciki. Saboda haka ba wani tarkacen bayan kanti ba ne.

Abin da aka yi ta domin shi ke nan: wanda ba shi da kuɗin babbar waya ya samu intanet. Tana aiki da ƙwaƙwalwar megabait 256 ko 512, abin da Android na yau ko atishawa ba zai yi da shi ba. Manhajojinta da yaren shafukan intanet ake rubuta su, shi ya sa ba su da nauyi.

Caji shi ne babban abin. Kun san yadda wuta take a dakunan kwananmu. Ku da kuke layi a soket ɗin masallaci da shagon mai aski, kowa riƙe da fawa-banki kamar mai jinya, ni ina yin kwana biyu, wani lokaci uku, ban nemi caja ba. Batirin ciro shi ake yi, in ya gaji ka sayi wani ka saka da hannunka. Tana ba da hosfot, kuma da shi na haɗa laftof na sauko da kusan duk maƙalun babi na biyu na kundina. Data ba ta zurarewa don babu manhajoji ashirin da ke sha a ɓoye. Kuma ba wanda zai tare ka da wuƙa saboda ita. Wanda aka taɓa yi wa ƙwacen waya ya san darajar tafiya da dare hankali kwance. Akwai wani amfanin da ban so faɗa ba: tun da na rabu da bidiyon gungurawa nake gama karanta maƙala zama ɗaya.

Ba zan yi muku ƙarya ba, tana da aibu, kuma manya. Allon ɗan mitsitsi ne, inci biyu da ɗoriya, karanta PDF a kai azaba ce. Rubutu da madannai tara sai mai haƙuri. Tana jan ƙafa in shafin ya yi nauyi. Kantin manhajojinta, KaiStore, kayan ciki kaɗan ne, da yawansu kuma cike da talla. Manhajar banki babu, sai dai lambobin USSD. Kyamarar kam a bar maganarta. Duk wanda ya ce ta maye gurbin Android ga ɗalibin jami'a bai faɗi gaskiya ba.

Amma duk waɗannan na zauna da su lafiya shekara guda. Abin da ya karya ta guda ɗaya ne: WhatsApp ya daina karɓar sababbin masu KaiOS a tsakiyar 2024, sannan ya janye gaba ɗaya a Fabrairun 2025. Wannan shawarar kasuwancinsu ce, ba ita ta dame ni ba. Haka Windows Phone ta tafi, haka BlackBerry. Kowace ta mutu ne a lokacin da masu manhajoji suka juya mata baya, ko da mutane na son ta.

Abin da ya dame ni mu ne. Ranar da guruf ya rufu a wayata na gane cewa duk rayuwar karatunmu mun zuba ta a cikin manhaja ɗaya. Sauya lokacin lakca, guruf. Ranar semina, guruf. An dawo da ranar gabatar da shawarar bincikena baya da kwana biyu, aka sa a guruf kawai, ban ji ba sai da dare, da wani abokin ajinmu Bayarabe ya kira ni ya ce me ya sa ban amsa ba. Allah ya saka masa. Na kwana ina haɗa silaid. Da bai kira ba, da sai wani zangon.

Wannan na sashe ne, ba mu da iko a kansa. Namu fa? Ƙungiyarmu ta ɗaliban Arewa haka take yi. Motar tafiya gida ta hutu, guruf. Gudummawar mara lafiya, guruf. Har sanarwar rasuwa. Akwai ƙaninmu ɗan aji ɗaya, ba zan kama suna ba, da wayarsa ko intanet ba ta yi. Motar ta cika bai sani ba, ya biya kusan ninki a tasha. Da aka tayar da maganar sai wani ya ce, ai kowa yana da WhatsApp yanzu. Ba kowa ba ne, malam. Waɗanda ba su da shi ba sa cikin guruf ɗin da za su ce maka ba su da shi, shi ya sa kake ganin babu su.

Masu cewa kawai ka sayi Android, na ji. In Allah ya hore zan saya, don aikina na buƙatarta. Amma ku tambayi farashi a kasuwa yau, ku haɗa da kuɗin makaranta da na haya da na mota daga nan zuwa Sakkwato ko Maiduguri, sannan ku maimaita wannan maganar a gaban yaron da mahaifinsa ya sayar da buhun masara ya turo shi. Gobe kuma in aka ce tsohuwar Android ɗinka ma an daina tallafa mata, kamar yadda ake yi duk 'yan shekaru, kai ma ka shigo layinmu.

Ga abin da nake nema daga shugabannin ƙungiya, kuma zan kawo shi a taron ranar Lahadi. Duk sanarwar da ta shafi kuɗi, tafiya, jarrabawa ko rasuwa, a tura ta ta saƙon tes ga kowa, a kuma manna takarda a allon masallaci. A rubuta sunayen waɗanda ba sa guruf, kowane a haɗa shi da mutum ɗaya da zai riƙa kiransa. Lambobin suna nan a rajistar sakatare. In kuɗin katin ne matsala, na watan farko ni zan biya.