Masu kala uku na Faransa da matan 'Yargoje

A shekarar 1857 wani mai zane ɗan Faransa, Jean-François Millet, ya kai wani zanensa bikin baje kolin zane-zane na birnin Paris, manyan gari da dama suka ɓata rai. Mata uku ne a cikin zanen suna kala a gonar alkama bayan girbi. Biyu sun duƙa har ƙasa, ɗaya ta kai hannu ga zangarniya, ɗayan hannun nata a bayanta riƙe da ɗan abin da ta tsinto. Ta ukun ta ɗan ɗago, amma ƙugu ya ƙi miƙewa. Can nesa ga tsibin alkamar mai gona kamar duwatsu, ga amalanke ana lodi, ga wani bisa doki yana sa ido.

Abin da ya tsone wa masu hannu da shuni ido shi ne Millet ya jawo talaka gaba, ya tura dukiya baya. Juyin juya halin 1848 bai bar zukatansu ba tukuna. Shi kuwa ɗan manoma ne daga yankin Normandi, ya san ciwon baya. Zanen yana gidan tarihi na Orsay yanzu.

Mutumin 'Yargoje, a ƙasar Ƙanƙara, ba ya buƙatar a yi masa bayanin hoton nan. Da kaka, in an kwashe gyaɗa ko masara ko dawa, tsofaffi da zawarawa da yara kan bi gona da ƙwarya, mai gona ya kau da kai. Kalar nan ita ce tuwon wasu gidaje na 'yan makonni, ba roƙo, ba zubar da mutunci.

Yau fa? A ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, mai sa ido a bakin gona bisa babur yake, da bindiga a kafaɗa. Gonakin nesa an bar su sun zama saura. Inda aka samu aka noma, wani wurin sai an biya 'yan bindiga kuɗi kafin a yi girbi, a kwashe a gurguje a gudo gida. Wace tsohuwa ce za ta tsaya ita kaɗai tana tonon gyaɗa? Bayan harin da 'yan bindiga suka kai 'Yargoje a watan Yunin 2024 an yi maganar rayukan da aka rasa, kuma dole a yi. Mai kala dai ba ta da gona, ba ta da damin da za a ce an ƙone, don haka sunanta ba ya shiga lissafin asara.

A ganina nan ne Millet ya fi mu: ya auna girbi da wanda ya fi kowa ƙaramin rabo. Dagatai da limamai da masu fitar da zakkar hatsi, ku san gidajen da kala ke ciyarwa a da, ku fara rabo daga kansu a kakar bana.