Kyamara ba rumbu ba ce

Malamai 'yan'uwana, ina da ƙorafi. A makarantunmu na Gangara akan ari kyamara a ɗauki wasan kwaikwayon yara, ko dattijo yana ba da tarihin Damargu, sai a bar bidiyon cikin kati. Mai kyamara ya tafi biki Tanut, kati ya cika, ya goge. Dattijon kuma in ya rasu, shi ke nan.

Masu cewa kati ya isa, wa ke barin gero a gona bayan girbi? Ko kwamfuta ɗaya ce a gari, a jona igiyar USB ranar, a kwafa, a buɗe a tabbatar yana tafiya, kafin a mayar da kyamara.

Iyaye, ku riƙa tambayarmu: ina bidiyon 'ya'yanmu?