Tsofaffin wasannin kwamfuta da darasin XZ: Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

A ƙarshen watan Maris na 2024 abubuwa biyu suka faru kusan lokaci guda. Kamfanin Ubisoft na Faransa ya kashe na'urorin da ke riƙe da wasan The Crew, mutane suka wayi gari wasan da suka saya da kuɗinsu ba ya buɗuwa. Ranar 29 ga watan kuma, wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, ya bankaɗo wata ɓoyayyiyar ƙofar kutse a XZ Utils, ƙaramar manhajar matse bayanai da ke cikin yawancin kwamfutocin Linux. Tambaya ɗaya ce ta haɗa su: wa ke kula da manhaja idan ta daina kawo riba?

A fagen wasanni, amsar ita ce 'yan sa-kai. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na tsofaffin wasannin da aka sayar a Amurka ba sa kasuwa. Waɗanda ake iya bugawa a yau, da yawansu albarkacin buɗaɗɗun manhajoji ne, waɗanda kowa ke da ikon duba cikinsu ya gyara. DOSBox na kwaikwayon tsohon tsarin DOS, kuma kantin GOG na sayar da wasanni a naɗe cikinta. Wine, da aka fara a 1993, ita ce ginshiƙin Proton da kamfanin Valve ya fitar a 2018.

Sai dai amanar da ta raya waɗannan ayyuka ita ce kuma lagonsu. Mutum ɗaya ne ya daɗe yana ɗauke da nauyin XZ, ba albashi. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kusan shekara biyu yana taimaka masa har ya samu yarda, sannan ya dasa ƙofar a sigogi 5.6.0 da 5.6.1. Jinkirin kusan rabin daƙiƙa wajen shiga na'ura ne ya jawo hankalin Freund. Kasancewar manhajar a buɗe ya sa aka gano tarkon, amma sa'a ce ta sa aka duba.

Saboda haka maganar ta wuce nishaɗi, ta zama ta siyasa. Gangamin Stop Killing Games ya tara sa hannu sama da miliyan ɗaya a Tarayyar Turai a 2025, yana neman doka ta hana kamfanoni kashe wasan da suka riga suka sayar. Jamus kuwa tun 2022 take ɗaukar nauyin wasu buɗaɗɗun manhajoji da kuɗin gwamnati.

Muddin masu cin riba ba su biya masu gadi ba, wani Jia Tan na nan tafe, kuma ba kullum ake samun mai lura da rabin daƙiƙa ba.